Ruwan Da Ya Bi Ta Ƙofarka, Na Wane Ne?

Karatu: Ezekiyel 34:17-19

Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya wadda ta daɗe tana damuna. Tambayar ita ce: ana iya satar abin da ba shi da mai shi? Kafin mu nemi amsa, bari in faɗa muku yadda tambayar ta same ni, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarun baya ina kiwon wata ƙaramar ikilisiya a wani ƙauye kusa da kogin Daka. Cikin watan Maris ne, rani ya tsananta, kogi ya janye, sai gurabe nan da can, da ɗan siririn ruwa mai gudu daga wannan gurbi zuwa wancan. Ran Asabar da yamma wani ɗan'uwa ya yi sallama a ƙofata, ɗauke da daro cike da kifi. Ya durƙusa ya ce, "Baba Fasto, Ubangiji ya buɗe mini hanya yau. Ga zakkata." Na duba daron. Ga tarwaɗa, ga karfasa, ga kurungu, ga kuma 'yan ƙanana da yawa waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Babu raunin ƙugiya a bakin ko ɗaya, babu kuma shaidar zaren taru a jikinsu. Na ji wani wari da ba na kifi ba. Idona ya gani, hancina ya ji, amma bakina bai yi tambaya ba, domin mun yi makonni ba mu ga nama a gidan nan ba. Na sa masa albarka. Uwargida ta yi miya. Ran Lahadi ma na kira shi gaban jama'a ya ba da shaida, muka tafa. Da cikin yarana ya murɗa a daren nan, na ce zafin rana ne.

Ran Talata wata tsohuwa ta zo daga ƙauyen da ke ƙasa da namu. Musulma ce, ba ta taɓa shiga gidana ba. Ta ƙi tabarma. Ta ce, "Fasto, ɗanka ne ya zuba mana magani a ruwa. Awakina biyu sun mutu. Jikata tana ta amai tun shekaranjiya." Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, zan bincika." Amma a zuciyata na san babu abin bincike. Amsar tana cikin tukunyar gidana.

Sa'ad da na kira ɗan'uwan nan, bai yi musu ba. Ya ce maganin feshin gona ne ya zuba. Abin da ya faɗa bayan haka shi ne ya hana ni barci. Ya ce, "Baba, masarata ba ta yi ba bara. Matata tana kwance, an koro yara daga makaranta. Ban shiga gonar kowa ba, ban fasa rumbun kowa ba. Ruwa na Allah ne, kifi na Allah ne. Wa na yi wa sata? In ban zuba ba, gobe wani zai zuba." Ɗan'uwa mai karatu, kada ka yi hanzarin jifansa. Maganarsa tana da nauyi, ta kuwa cancanci amsa ta gaskiya.

Bari mu fara da kogin kansa. Kogin Daka ya taso daga arewacin Yendi, daga cikinsa ake jawo ruwan famfon garin, sa'an nan ya gangara kudu, ya ratsa ƙasar Nanumba da ta Gonja, ya faɗa tafkin Volta. Kogin Oti da ke gabas da Yendi ya fito tun daga ƙasar Benin, ya bi ta Togo kafin ya iso wurinmu. Farin Volta wanda masu lambun albasa na wajen Bawku suke dogara da shi, daga Burkina Faso ya sauko. Dukansu suna taruwa a tafkin da ya samu bayan an gama madatsar Akosombo a shekarar 1965, tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Ƙasashe shida ne suke tarayya cikin ruwan Volta. Wanda ya taɓa hawa jirgin fito daga Makango zuwa Yeji ya ga kwandunan banda da ake lodawa zuwa Kumasi. Fiye da rabin naman da mutanen Ghana suke ci, kifi ne. Ashe kogi kamar akushi ɗaya yake, hannuwa da yawa a ciki, kuma yawancin masu hannuwan ba su san juna ba.

Mutanen Bawku sun san wannan darasi da hawaye. Sa'ad da aka buɗe ƙofofin madatsar Bagre a Burkina Faso da damina, ruwa yakan sauko ya cinye gonakin bakin Farin Volta. A shekarar 2007 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a arewacin Ghana, rayuka suka salwanta, gidaje da amfanin gona suka tafi. Dukanmu muka ɗaga murya muka ce, ya kamata wanda ke sama ya tuna da wanda ke ƙasa. Gaskiya muka faɗa. Amma mun manta cewa kowane ɗayanmu yana sama da wani. Manomin Bawku yana ƙasa da Bagre, yana kuma sama da mai ɗiban ruwa a Yapei. Ɗan'uwan nan nawa yana sama da tsohuwar nan da jikarta.

Don haka kuskurensa na fari yana cikin lissafi. Ya zaci abin da ba na mutum ɗaya ba, ba na kowa ba ne. Alhali abin da ba na mutum ɗaya ba, sau da yawa na mutane dubu ne. Wanda ya fasa rumbu ya cuci gida guda, ana iya zuwa a roƙi gafarar mai gidan. Wanda ya zuba guba a gurbi ya cuci mutanen da ba zai iya ƙidaya su ba. Ya ce ruwa na Allah ne, hakanan ne kuwa. Amma in abu na Allah ne, wannan dalili ne na jin tsoro. Baƙon da aka sauke a gidan sarki aka ce ya ci ya sha, bai sami izinin fasa randa ba. A Farawa 2:15 aiki biyu aka ba mutum a cikin gona, wato noma da tsaro. Mu mun riƙe na fari, mun yar da na biyu.

Karatunmu na yau ya yi magana a kan wannan abu sarai. Annabi Ezekiyel ya nuna mana garke a bakin ruwa. Tumaki masu ƙarfi suka riga zuwa, suka sha ruwa mai kyau har suka ƙoshi, sa'an nan suka shiga da ƙafafunsu suka dama sauran, raunana kuwa ba su da zaɓi sai su sha laka. Ka lura, Ubangiji bai tsauta musu saboda sun sha ba. Ƙishi ba zunubi ba ne. Abin da ya jawo shari'a shi ne halin da suka bar ruwan ga na bayansu. Ka lura kuma, a farkon surar makiyaya ne aka fara kira, waɗanda suka ci suka ƙoshi daga garke, ba su kula da shi ba. Sa'ad da na karanta wurin nan a makon da tsohuwar ta zo, na ga kaina a ciki, da cokalin miya a hannuna.

Yanzu sai mu dubi abin da guba take yi, domin mutane da yawa suna yin wannan aiki cikin rashin sani. Ƙugiya tana zaɓe. Taru mai manyan idanu yana zaɓe, yakan riƙe babba ya bar ƙarami ya wuce. Guba ba ta zaɓe. Takan kashe uwa da 'ya'ya, da ƙananan halittun da kifi yake ci. Da rani kuwa kifayen kogi duka suna fakewa cikin 'yan guraben nan masu zurfi, suna jiran ruwan fari. In damina ta sauka, kogi ya cika ya malala cikin ciyawa, can sukan shiga su yi ƙwai. Kifin da ke gurbi cikin watan Maris, shi ne irin shuka na kogi. Wane manomi ne zai dafa irinsa ana saura wata biyu a yi shuka? Haka yake ga wanda ya mai da gidan sauro abin su, yana kwashe 'yan tsirit. Waɗansu magunguna kuma, irin su DDT da Gamalin waɗanda aka daɗe ana zubawa a kogunan Afirka ta Yamma, ba sa ruɓewa da sauri. Sukan zauna cikin kitsen kifi, su shiga jikin mai ci, har su kai ga nonon uwa. Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a kan irin waɗannan magunguna a birnin Istokholm a 2001, dokar kamun kifi ta Ghana ta 2002 kuma ta haramta su da guba ko da nakiya.

Wani zai ce, ai kakanninmu ma sun yi su da magimfa. Hakanan ne. Amma ƙarfin magimfa yakan mutu cikin 'yan kwanaki, mutane kuma ba su kai yawan na yau ba, a wurare da dama kuwa akwai sarkin ruwa ko mai ƙasa wanda sai da izininsa a shiga gurbi. Mun ɗauki dabarar kakanni, mun ƙara mata dafi, mun jefar da tsoronsu da dokarsu.

To, yunwa fa? Nan ne tambayar take da wuya, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Ni da nake wa'azin nan, kwaɗayin miya kaɗai ya rufe mini baki, balle mutumin da matarsa take kwance. Littafin Karin Magana 6:30-31 ya san wannan hali. Ya nuna cewa mutane ba sa rena wanda yunwa ta tura shi sata, duk da haka in an kama shi sai ya biya. Abu biyu ke nan a wuri ɗaya, tausayi da alhaki, bai kamata mu saki ko ɗaya ba. Yunwa tana rage zafin hukuncin da za mu yi wa mutum. Ba ta mai da guba ta zama ruwan sha. Ka kuma tambayi kanka, wa ya biya kuɗin makarantar yaran nan? Ba attajiri ba ne, gama attajiri yana sayen ruwan leda. Tsohuwa mai awaki biyu ce ta biya. Matalauci ya sauke kayansa a kan wanda ya fi shi talauci. In mun ce yunwa ta halatta wannan, mun ce ke nan yunwar wanda ke sama ta fi ran wanda ke ƙasa daraja, babu kuwa mai iya tsayawa gaban Allah da wannan magana.

Amma akwai alhakin da ya koma kanmu. Ɗan'uwan nan ya yi watanni yana zama a benci ɗaya da mu, ba wanda ya tambayi abin da ke cikin rumbunsa. Ikilisiyar da ta ce wa mai yunwa kada ya zuba guba, tilas ne ta buɗe nata buhu. In ba haka ba, wa'azinmu iska ne.

Saura maganarsa ta ƙarshe, cewa in bai zuba ba wani zai zuba. Wani ma zai ƙara da cewa, mene ne kwalba ɗaya in an gwada da abin da masu haƙar zinariya ba bisa doka ba suka yi wa kogin Pra, da Ankobra, da Birim, da Offin a kudu, har ruwan ya koma kamar kunu? Gaskiya ne, laifin manya ya fi girma, wajibi ne kuma mu faɗa ba tsoro. Amma laifin babba bai taɓa wanke ƙarami ba. Wannan magana ta "kowa ma yana yi" ita ce take kashe kogi. Mai lambu ya sare itatuwan gaɓa ya yi noma har bakin ruwa, ƙasa ta zube ta cike gurabe. Mai feshi ya wanke tankinsa a mashaya. Mai tifa ya kwashi yashi. Kowa ya ce nasa kaɗan ne. Ran da famfo ya ƙafe a Yendi, mata suka kwana a layi da jarka, ba a samun mutum ɗaya da zai ce shi ne. Inda kifi ya ragu kuma, mai kwalekwale yakan nemi hannu mai araha. A tafkin Volta an sha samun yara ƙanana da aka raba da iyayensu, ana sa su nutso su kwance taru daga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ko da yake Ghana ta kafa dokar hana fataucin mutane tun 2005. Ku mutanen Salaga, da kuke zaune kusa da rijiyoyin da aka yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa, kun fi kowa sanin inda wannan hanya take kaiwa.

Kada zuciyarku ta karai. In mutane suna iya haɗuwa su ɓata ruwa, suna iya haɗuwa su gyara shi, mun kuwa gani da idonmu. Manyanmu suna tune da kurkunu. A 1989 an ƙidaya kusan mutum 180,000 masu wannan ciwo a Ghana, arewa ce kuma ta fi daɗewa tana fama da shi. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da ya kore shi shi ne rijiyoyin burtsatse, da tace ruwa da ƙyalle, da yardar mutane cewa mai ciwo ba zai sa ƙafarsa cikin tafkin da jama'a suke sha ba. An ga mai ciwo na ƙarshe a 2010, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Ghana ta rabu da shi. Ka ga, ƙafar nan da annabi ya yi magana a kanta, sa'ad da aka tsare ta daga ruwa, ƙasa guda ta warke.

A Argungu ta jihar Kebbi, inda ake bikin su tun 1934, akan hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar da aka buɗe, a ranar ma da koma da gora ake shiga. Haƙurin nan shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. A Amurka kuma akwai kogin Kuyahoga a jihar Ohayo, wanda ƙazantar masana'antu ta yi masa yawa har ya kama wuta a 1969. Abin ya kunyata ƙasar, a 1972 suka kafa dokar tsabtace ruwa. Bayan shekaru kifi ya komo, har da wani da suke kira bas mai ƙaramin baki, wanda yake son ruwa mai tsabta mai gudu a kan duwatsu. Masu fatsa na can da yawa sukan kama shi su sake shi. Mu ba za mu sake abincin yaranmu ba, halinmu dabam ne. Amma za mu iya sakin ƙarami, mu bar mai ƙwai. Wannan hikima ta girmi Amurka. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 an umarci wanda ya tsinci sheƙar tsuntsu kada ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, sai ya bar uwar ta tafi. Allah bai hana mu ci ba. Ya hana mu cinye gobe.

Ga yadda maganar ɗan'uwan nan ta ƙare. Ran Lahadi na tsaya gaban jama'a, na fara furta nawa laifi, cewa na gani na yi shiru domin cikina. Sa'an nan shi ya tashi. Washegari muka tafi ƙauyen tsohuwar tare da dattawa biyu. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ni ne. Ki gafarta mini." Ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Jikata ta tashi. Don haka na yafe." Ikilisiya ta biya awakin daga baiko, zumuntar mata kuma ta ranta masa kuɗin taru mai manyan idanu. Daga baya sarkin ƙauye ya kira limami, ya kira ni, aka yi shela cewa babban gurbi a rufe yake daga tsakiyar rani har ruwa ya sauka. Ba zan ce muku kome ya gyaru ba. Damina biyu ta wuce kafin a sake ganin babbar tarwaɗa a wurin. Akwai waɗanda suka ci gaba da zuwa da dare. Ɗan'uwan kansa ya taɓa ce mini, "Baba, abin da nake samu yanzu bai kai rabin na ranar nan ba." Na ce, "Na sani, ɗan'uwa. Amma ka iya kai wa Iya daga ciki ta ci." Ya yi dariya, ya kuwa kai mata.

Yanzu tambayar ta zo gare ka. Kai masunci, yaya girman idon tarunka? Kai mai lambu, taki nawa ka bari tsakanin kunyarka da ruwa, a ina kake wanke tankin feshi? Ke 'yar'uwa mai sayen kifi a kasuwa, in kin ga tulin 'yan ƙanana masu warin magani a kan araha, kina saya ko kina wucewa? Kai mai hidima kamar ni, kana tambaya daga ina baiko ya fito? Wanda zai sha ruwan da ya wuce ƙofarka, ko Bakusashe ne ko Bamamprushe, ko Badagombe ko Bakonkombe, ko Musulmi ko Kirista, maƙwabcinka ne, ko da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, Mahaliccin koguna da dukan abin da ke cikinsu, mun sha mun ƙoshi, mun kuma dama sauran da ƙafafunmu. Ka gafarta mana. Ka ba masunta abincin yini ta hanya mai tsabta. Ka buɗe idon ikilisiyarka ta ga mai yunwa tun bai kai ga kwalbar guba ba. Ka ba shugabanninmu ƙarfin hali su tsare Daka, da Oti, da Volta. Ka koya mana mu tuna da wanda ke ƙasa da mu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.